Tsalle a Kan Sutuh, Gudu a Kornish: Yadda Shirin Yake Tafiya

Juma'a, 4 ga Oktoba 2024

Na ƙudurta shiga gudun kilomita 10 na gasar Riyad da za a yi farkon Fabrairu. Tun 2022 ake yin gasar, akwai mai kilomita 42, akwai 21, akwai 10, akwai 4 ta iyali. Goma ɗin ce daidai wuyana. Damuwata ɗaya: na daɗe a kan minti 58, wani lokaci 59, ko ta ina na ɓullo wa abin. Duk wanda na tambaya sai ya ce in ƙara kilomita a mako. Mai wannan shawara bai san Jidda a watan Oktoba ba, bai kuma san dawam, wato lokutan aiki, na shagon kayan gyaran mota ba. Ƙarfe tara ina shago, a rufe da azahar, a buɗe bayan la'asar, sai goma da rabi na dare. Abin da ya rage mini shi ne ɗan tsakanin sallar asuba da hudowar rana, kuma ko a lokacin iskar da ke tasowa daga Bahar Maliya a jiƙe take. Kafin ka yi kilomita biyu riga ta manne da baya.

Tunda ba ni da halin ƙara yawan taku, sai in gyara takun kansa. Gudu ai tsalle ne a jere. Abin da ya raba shi da tafiya shi ne akwai lokacin da ƙafafu biyun duk suna sama. Kowace saukowa, ƙafa ɗaya ce ke karɓar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kuma zamanta a ƙasa bai wuce rubu'in daƙiƙa ba ga irinmu. A kilomita 10 mutum zai yi wannan saukowa kusan sau dubu goma. Agara, wato jijiyar nan da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, aikinta irin na danƙon harbin tsuntsu ne: idan ka sauko ta miƙe ta tara ƙarfi, idan za ka tashi ta sako shi. Masu bincike a Jami'ar Leeds ta Ingila sun auna a 1987 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin kowane taku a agara ake ajiye shi, lanƙwasar tafin ƙafa kuma na ajiye kimanin rabin wannan. Ƙarfi ne na kyauta, ba ya cin numfashi. Wanda agararsa ta yi sanyi, tsoka ce za ta biya masa bashin, ita kuwa tsoka da iska ake biyan ta.

Abin da ya ƙara mini ƙwarin gwiwa wani gwaji ne da aka yi a Finlan a 1999. An ɗauki ƙwararrun masu gudu, aka cire kusan sulusin lokacin atisayensu aka maye shi da tsalle-tsalle da gajerun tsere, har mako tara. Lokacinsu a kilomita 5 ya ragu, alhali yawan iskar da jikinsu ke iya zuƙa bai ƙaru ba. Tattalin ta kawai suka koya.

Na auna kaina yau don in sami abin kwatantawa nan gaba. Ɗaga dunduniya a kan ƙafa ɗaya har sai ta gaza: dama 19, hagu 14. Kilomita 3 a Kornish, titin bakin tekun Jidda, da iya ƙarfina: minti 16 da daƙiƙa 40. Taku a minti ɗaya, yadda agogo ya nuna: 158. Tsarin mako kuwa, Lahadi da Laraba aikin ƙarfi da tsalle a kan sutuh, wato saman rufin benen da muke zaune, Litinin da Alhamis ɗan gajeren gudu a unguwa, Juma'a dogo a bakin teku.

Talata, 15 ga Oktoba

Har yanzu tsallen kaɗan ne. Aikin ƙarfi ne ya fi yawa, kuma dukkansa da nauyin jikina nake yi, don kuɗin shiga gidan motsa jiki na wata ɗaya ya isa cefanen mako a gida.

Ga yadda safiyar take. In ɗumama jiki da sassarfa a wuri ɗaya da wurga ƙafafu gaba da baya. Sai tsuguno a hankali, ina ƙirga uku wajen sauka. Sai in ɗora ƙafa ɗaya ta baya a kan dakalin tankin ruwa in riƙa sauka da ta gaba, sau takwas kowace ƙafa, zagaye uku. Wannan shi ne mugun cikinsu, washegari mazaunai ne ke ba da labari. Sai hawa dakalin da ƙafa ɗaya, sai in kwanta rigingine in ɗaga ƙugu da ƙafa ɗaya, sai ɗaga dunduniya iri biyu: gwiwa a miƙe, da gwiwa a ɗan lanƙwashe. Na biyun ne ke kama tsokar da ke can ƙasa a cikin sha-raɓa, wadda ba a ganin ta a madubi amma ita ta fi kowace tsoka ɗaukar kaya a gudu. Daga ƙarshe tsallen igiya, daƙiƙa talatin-talatin sau huɗu.

Igiyar ce ta jawo magana. Haris, wato maigadin gidan, ya tare ni a ƙofa ya ce Hajiyar da ke hawan ƙarshe ta aiko shi, wai tun asuba ana daka a kanta. Na hau na gaishe ta. Ta ce, “Ɗana, idan sakwara kake kirɓawa a sama, a riƙa sammana.” Na ba ta haƙuri, ranar Asabar kuma na je kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarik na samo tsohuwar tabarmar roba mai kauri a riyal 25.

Ƙorafin nata ya yi mini rana. Ƙara ita ce awon da ya fi sauƙi a wannan aiki. Wanda ya sauko da dunduniya, ko ya sauko gwiwa a sandare, dole a ji shi. Wanda ya sauko a kan gaban tafin ƙafa, ya bar dunduniya ta ɗan sumbaci ƙasa ta tashi, ba a jin komai sai ƙaran igiya. Yanzu da na fara jin dif-dif nake tsayawa, ko da saura a lissafi.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Bayan masallaci mun ci abinci a gidan Kawu. Ba ƙanin mahaifiyata ba ne na jini, dangin matata ne, amma duk zuri'ar haka ake kiran sa. A Makka aka haife shi, wajen Shara Mansur. Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru yana noman auduga a hanya kafin ya tsallako ta Sawakin. Hausar Kawu rabi Larabci ce, amma idan zai yi faɗa tsantsarta ke fitowa. Ya buga ƙwallo a ƙungiyar unguwa yana saurayi, don haka duk abin da ya shafi ƙafa yana da fatawa a kai.

Da na ba shi labarin abin da nake yi sai ya ce, “Wannan ai tsallen kwaɗo ne, ya waladi. Mu zagaye fili muke yi da shi har mutum ya yi amai.”

Na ce, “Kawu, Allah ya ƙara girma, ba shi ba ne.”

Mun daɗe a kai, kuma gardamar ta sa ni kaina na ƙara gane bambancin. Tsallen kwaɗo da aka sa mu a makaranta horo ne: ka riƙe kunnuwa, ka tsuguna har ƙasa, ka yi ta yi sai cinya ta mutu. Gajiya ce manufarsa. Wanda nake yi kuwa gajiya ce ke ɓata shi. Abin nema shi ne ƙafa ta taɓa ƙasa ta bar ta da sauri, gwiwa ba ta lanƙwashe sosai ba, idon sawu a ɗaure. Da zarar mutum ya gaji, zamansa a ƙasa ya ƙaru, aikin ya tashi daga kan jijiya ya koma kan tsoka da gaɓoɓi, sai ya zama yana koya wa jikinsa nawa. Wanda ya tsara hanyar tun farko, Yuri Verkhoshansky na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, a shekarun 1960 yakan sa 'yan wasansa su diro daga kan akwati su tashi nan take, 'yan kaɗan, da hutu mai tsawo a tsakani. Masu tsalle da masu tsere ya yi wa ita, ƙarti waɗanda suka riga suka yi ƙarfi. Ba don mai sayar da birki ɗan shekara arba'in da ɗoriya ba. Shi ya sa dirowa daga akwati ba ta cikin lissafina sam.

Kawu bai sallama ba, amma ya canza hanya ya ɗauko labarin Hadi Su'an, wanda ya ciyo wa Saudiyya lambar azurfa a tseren mita 400 na tsallake shinge a Sidni a shekarar 2000. Ya yi shi a daƙiƙa 47.53, Ba'amurke Angelo Taylor ya riga shi da 47.50. Kawu ya ce har yau idan ya tuna wannan tazara shayi ba ya yi masa daɗi. Ya ce ka kalli ƙafar mutumin, kamar ƙasa tana ƙona shi. Na ce to ai maganata ke nan. Ya ce in ci abinci.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na fara tsallen sosai, kuma da ƙirga nake yi. Ba minti ake ƙirgawa ba, saukowa ake ƙirgawa. Masu horarwa sukan ce sabon shiga kada ya wuce saukowa 80 zuwa 100 a zama ɗaya, ya kuma bar kwana biyu zuwa uku kafin ya sake. Ni a 60 na fara, igiya ba ta ciki don tsallenta ƙanana ne.

Iri uku nake yi. Na farko tsalle a wuri ɗaya da ƙafa biyu, daga idon sawu kawai, yatsu a ɗage sama kafin a sauko, goma-goma sau uku. Na biyu tsalle daga ƙasa zuwa kan dakalin tanki, wanda bai kai tsawon taƙi biyu ba, a sauka da taku ba da tsalle ba. Hikimarsa ita ce ana samun tashin ba tare da dukan saukowa ba. Na uku tsalle gefe da gefe a kan layin tayil. Tsakanin kowane zagaye ina hutawa minti ɗaya da rabi, wanda da farko na ji kamar wasa nake yi. Mai gudu ya saba auna aiki da gumi da haki. Nan kuwa ka gama ka sauko bene kamar ba ka yi komai ba, sai da yamma a shago ƙwauri ya fara gaishe ka.

Ɗan yayar matata, wanda ke aji biyu a sakandare kuma yake buga ƙwallo, ya fara biyo ni ranar Laraba kafin makaranta. Na ce ya yi tsalle da ƙafa ɗaya daga tanki zuwa bango. Ya tafi fit-fit-fit, babu ƙara ko kaɗan. Na gwada, ƙafar dama ta yi abin kirki, ta hagu kuwa gwiwa sai faɗawa ciki take yi, ƙugu na karkacewa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. “Kawu, ƙafarka ta hagu ba ta jin Hausa.”

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yaron bai san langa ba. Na kwatanta masa: ka kama babban yatsan ƙafa ɗaya da hannu, ka yi ta tsalle da ɗayar, kana ture abokan hamayya kuna kare ruwa har ya kai gida. Mu a unguwarmu a Kano, da farin wata, sai mu yi awa guda a kan ƙafa ɗaya. 'Yan mata kuma ga 'yar gala-gala ga igiya. Duk abin da nake biyan tabarmar roba don in koya yanzu, mun yi shi muna 'yan shekara goma a kan turɓaya, ba takalmi. Shekarun zaman benci da tuƙi ne suka kwashe shi.

Yaron ya yi mini wani amfani. Yana danne mini dugadugai ina durƙushe, in tafi gaba a hankali jiki a miƙe har in kasa riƙewa in tare da hannu. Wannan na tsokar bayan cinya ne, 'yan ƙwallo sun san shi don yana rage yagewarta. Huɗu nake yi, zagaye biyu, sun kuma ishe ni.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Saukowa 80. Gari ya fara sauƙi da asuba. Taku a minti ya hau 163 ba tare da na neme shi ba. Hajiya ta tambayi matata ko na daina ne.

Litinin, 2 ga Disamba

Agarar hagu ta yi magana. Makon jiya an kawo kwantena, muka yi kwana da kwanaki muna sauke kaya muna jerawa, hawa tsani da sauka. Laraba na yi tsallena kamar kullum. Daren Alhamis kuma baƙi daga gida suka iso, surukina da matarsa, na raka su Umra. Ɗawafi a hawan sama muka yi saboda cunkoso, inda zagayen ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Sai sa'ayi, tsakanin Safa da Marwa wajen mita 450 sau bakwai, ya haura kilomita uku, ƙafa ba takalmi a kan marmara, ga sassarfar da maza ke yi tsakanin koren fitilu. Tsohon yana riƙe da kafaɗata. Mun dawo Jidda ana kiran assalatu.

Asabar da na sauko daga gado, takun farko zuwa banɗaki sai da na ɗingisa. Ba ciwo mai tsanani ba ne, sanƙarewa ce kamar yatsu biyu sama da dunduniya, tana saki bayan 'yan mintuna. Amma ita ce alamar da ake cewa a kula da ita. Agara ba ta cika kuka lokacin aiki ba, da ta ɗumama sai ta yi shiru, washegari da safe take kawo ƙara. Ita kuma ba ruwanta da wane aiki ne na atisaye, wane ne na neman abinci, wane ne na ibada. Duk a littafi ɗaya take rubutawa.

Na dakatar da tsalle da igiya. Gudu na rage shi rabi, a hankali, a fili mai laushi.

Juma'a, 13 ga Disamba

Garin duk maganar Kofin Duniya na 2034 ake yi tun da aka tabbatar wa Saudiyya ranar Laraba. Kawu ya ce in Allah ya kai shi, a keken guragu ma sai ya je.

Na ga likitan gashin ƙashi a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, kusa da shago, ɗan Sudan ne, daga Gadarif, kuma da ya ji lafazina sai ya juya harshe zuwa Hausa. Ya matsa jijiyar, ya sa ni ɗaga dunduniya, ya sa ni tsalle da ƙafa ɗaya. Ya ce ba ta yage ba, an dai ɗora mata fiye da abin da ta shirya ɗauka. Abin da ya ƙara da shi ne ya zauna mini. Ya ce, “Malam, huhu da zuciya mako biyu uku sun amsa. Tsoka wata ɗaya zuwa biyu. Jijiya kuwa jininta kaɗan ne, sai ta yi wata uku tana shawara. Matsalar ita ce ƙarfin da za ka ji mata ciwo da shi yana riga ta zuwa.”

Bai ce in kwanta ba. Ya ce hutu zalla ba ya warkar da agara, nauyi ne ke warkar da ita, amma nauyi mai tafiya a hankali. Ya ba ni aikin matakala: ka tsaya a bakin matakalar bene da gaban ƙafa, ka tashi da ƙafa biyu, ka ɗauke mai lafiyar, ka sauke dunduniyar mai ciwon sannu har ta wuce bakin matakalar. Wani likita ɗan Suwidin, Håkan Alfredson, shi ya fito da tsarin a 1998: sha biyar sau uku gwiwa a miƙe, sha biyar sau uku gwiwa a lanƙwashe, safe da yamma, har mako 12. Wato 180 a yini. Likitana ya ce tawa ba ta kai nan ba, in yi sau ɗaya a yini, idan ya yi sauƙi in goya jakar baya da littattafai a ciki. Ni na zuba faya-fayan birki guda biyu. Ɗan ciwo kaɗan lokacin yi ba laifi ba ne, in ji shi, muddin safiyar gobe ba ta fi ta yau muni ba.

Wannan ƙa'ida ta safiya na ɗauke ta gaba ɗaya. Kowace asuba, takun farko, ina ba shi maki daga sifili zuwa goma. Yau biyu.

Alhamis, 26 ga Disamba

Safiya ta koma sifili tun farkon mako, don haka na dawo da tsalle, daga saukowa 40. Na kuma bar sutuh don wannan ɓangaren. Tabarmar roba ta kashe ƙara amma siminti na nan a ƙarƙashinta. Akwai wani ɗan lambu mai ciyawa bayan masallacin unguwa, can nake zuwa.

A ciyawar na ƙara abu biyu da suka fi kama da gudu. Ɗaya tsallen 'yan makaranta ne, taku da ɗan tashi, taku da ɗan tashi, gwiwa na hawa sama, mita talatin. Wani dattijo ɗan Yaman mai zagaya lambun da carbi ya tsaya yana kallo na, gemu da furfura ina tsalle kamar an ba ni alawa. Na yi masa sallama, ya amsa, ya ci gaba da kallo. Ɗayan kuma dogon taku ne, kamar gudu amma kowane taku ka tura ƙasa ka ɗan daɗe a sama, takwas kawai, sau uku.

Da a garin da ke da tudu nake, da gajeren tsere a hawa ya wadatar da rabin wannan, don hawa na tilasta turawa mai ƙarfi kuma saukowarsa ba ta da duka. Jidda kuwa shimfiɗe take, sai ka nufi gabas wajen hanyar Makka kafin ka ga duwatsu. Abin da na samu shi ne gadar masu tafiya a ƙasa da ke kan babban titi, mai gangaren keken guragu. Daƙiƙa takwas zuwa goma da ƙarfi, in sauko da tafiya, sau shida, ranar Litinin bayan gudu.

Wani abokin aikina da ya ga bidiyo a Instagram ya ce me ya sa ba na tsalle kan akwati mai tsayin ƙugu kamar yadda ake nunawa. Wannan tsalle yawancinsa naɗe gwiwa ne zuwa ƙirji, ba tashi ba. Yana da kyau a waya. Mai gudun kilomita 10 ba abin da zai tsinta a ciki sai ƙwauri a fashe ranar da ƙafa ta kuskure.

Juma'a, 10 ga Janairu 2025

Ranar awo. Na je Kornish bayan asuba, wuri ɗaya da na Oktoba, daga inda ake hango maɓuɓɓugar Sarki Fahad. Kilomita 3: minti 15 da daƙiƙa 35. An rage minti ɗaya da daƙiƙa biyar. Ɗaga dunduniya: dama 27, hagu 25. Taku a minti 168.

Kafin wani ya ɗauki lambar farko ya tafi da ita, a tuna cewa Oktoba da Janairu ba gari ɗaya ba ne. Wancan awo cikin rutuba, wato jiƙaƙƙiyar iska, aka yi shi, zafi na neman 30 tun rana ba ta fito ba. Yau kuwa wajen 20 ne, da iska mai daɗi daga arewa. Ko ban yi tsalle ko ɗaya ba, sanyin kaɗai zai ba ni wani abu, a ganina kusan rabin abin da na samu. A wani gwaji da aka yi a Ostareliya a 2003, mako shida na tsalle ya rage wa masu gudu kashi 2.7 cikin ɗari a kilomita 3. A lokacina wannan bai kai daƙiƙa talatin ba. Idan na ce tsalle da aikin ƙarfi sun ba ni rabin minti, sanyi ya ba ni sauran, ban zalunci kowa ba.

Lambobi biyun ƙarshe ne ba ruwansu da yanayi, kuma su suka fi faranta mini. Ƙafar hagu ta kusa kamo ta dama. Da can, daga kilomita bakwai ake fara jin takuna, tas-tas, ƙugu ya zauna, kai ya sunkuya. Juma'ar da ta wuce na yi goma sha biyu, har ƙarshe takun bai canza murya ba. Yaron ya bi ni a keke yana ɗauka da waya, muka kalla tare a mota. Ya ce, “Kawu, yanzu hagun ta fara jin Hausa, amma da lafazin Makka.”

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya daga duk abin da na yi, ba tsallen zan zaɓa ba. Ɗaga dunduniya da jaka a baya zan zaɓa, sai tsugunon ƙafa ɗaya. Tsallen ya zauna ne a kansu. Wanda bai iya ɗaga dunduniyarsa sau ashirin a ƙafa ɗaya ba, ko bai iya sauka daga matakala gwiwa ba ta faɗa ciki ba, ni dai ba zan ce ya fara da tsalle ba, ko da igiya ce.

Talata, 21 ga Janairu

Saura ƙasa da mako uku. Gobe ne zaman tsalle mai nauyi na ƙarshe, saukowa 90. Mako mai zuwa 50, makon gasa kuwa igiya kaɗan da tsallen wuri ɗaya ranar Talata don kada ƙafa ta yi barci, shi ke nan. Aikin bayan cinya na ajiye shi tun yanzu, don ciwonsa na kai kwana uku. Aikin matakala zai ci gaba har Larabar ƙarshe, ba jaka.

Riyad wata duniya ce ga ƙafar da ta saba da Jidda. Tana sama da teku da kimanin mita 600, iskarta busasshiya, asubar Fabrairu kuma takan sauka ƙasa da 10. Jijiya mai sanyi ba ta son a fizge ta, don haka ɗumama jiki zai kai minti ashirin, da dogon wando har sai an kira layi. Hanyar ma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar Kornish, a nan gadar nan tawa za ta biya kuɗinta. Burina minti 55. Zan fara kilomita biyun farko a minti 5 da daƙiƙa 40 kowanne, in ga yadda numfashi zai karɓi busasshiyar iskar, sannan in matsa.

Tafiyar kusan kilomita 950 ce a mota. Zaman awa tara ko goma a kujera kwana ɗaya kafin gudu ba alheri ba ne ga ƙugu, don haka jirgi zan bi ranar Alhamis da dare, in kwana wajen wani ɗan garinmu, in gwada sabon jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a Disamba wajen karɓo lambar shiga gasa. Maigidan shago ya ba ni Asabar ɗin, da sharaɗin in riƙe masa Juma'a biyu da yamma a watan Sha'aban. Kawu ya ce zai zo kallo idan na biya masa tikiti, na ce sai dai yaron, shi ne mai riƙe mini dugadugai. Makin safiyar yau sifili ne a hagu, ɗaya a dama, wadda ba ta taɓa magana ba sai yau. Idan gobe ta kai biyu, zaman 90 ɗin zai koma 60.